Kasuwar da aka kafa babu kuɗin ƙofa: tarihin intanet da yanar gizo

A yau, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa zuwa Katako ta Yamai, da wuya mutum ya ratsa layi guda bai tarar da ɗan kasuwa ya duƙufa a kan salularsa ba. Wannan yana aika hoton atamfa zuwa ga mai saye, waccan tana sauraren saƙon muryar mai kawo mata albasa daga Galmi, wancan kuma yana tambayar yadda naira ta kwana kafin ya yi canji. Har ta kai idan aka ce "babu rezo", ciniki kan tsaya cik kamar yadda hadari ke tashin kasuwar ƙauye.

To amma fa kaɗan ne daga cikinmu suka san inda wannan abu ya samo asali. Mu da ke aiki a gidan rediyo mun sha jin masu saurare suna tambaya: shin wane ne mai intanet, kuma wa ake biya? Wasu na cewa ta sojan Amurka ce, wasu na cewa ta mai Facebook ce. Wannan ya sa muka ga ya dace mu kawo ma masu karatu, musamman ƴan kasuwa maza da mata, tarihin yadda aka gina ta. Duk wanda ya san yadda kasuwa ke kafuwa da yadda take mutuwa, labarin ba zai yi masa wuyar ganewa ba, domin abubuwa biyu ne suka cika wannan kasuwa: an yarda da ma'auni ɗaya, kuma ba a sa mai karɓar kuɗi a ƙofa ba.

Tsadar kwamfuta ce mafari

A ranar 4 ga watan Oktoba na 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, mai suna Sputnik. Hankalin hukumomin Amurka ya tashi, ganin abokiyar gabarsu ta riga su, shi ne a 1958 suka kafa wata hukumar bincike a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, wadda ake kira ARPA, suka zuba mata kuɗi domin ta tallafa ma jami'o'i.

A wancan zamani kwamfuta, wadda wasunmu ke kira ordinater, takan cika ɗaki guda, kuma tsadarta ta fi ƙarfin kowa in ba gwamnati ko babban kamfani ba. Kowace jami'a tana son ARPA ta saya mata tata. Ga shi kuma kowace na'ura da irin harshenta, ba ta jin na ƴar'uwarta. Wani jami'in hukumar mai suna Bob Taylor yana da na'urorin rubutu har uku a ofishinsa, kowace tana magana da kwamfutar wani gari daban, in zai bar wannan ya koma waccan sai ya tashi ya canza kujera. A 1966 ya nemi a ba shi kuɗi a haɗa waɗannan kwamfutoci da waya, ta yadda malamin da ke wani gari zai iya amfani da na'urar wani garin. Lissafi ne irin na ƴan kasuwar da suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota ɗaya maimakon kowa ya sayi tasa.

Maganar da ake yawan yi cewa an gina ta ne saboda yaƙin nukiliya tana da tushe ta gefe guda. Tun farkon shekarun 1960 wani injiniya mai suna Paul Baran, a cibiyar bincike ta RAND, ya yi nazarin yadda za a gina hanyar sadarwar da ba za ta mutu ba ko da an jefa ma wani sashenta bom. An amfana da tunaninsa daga baya, amma abin da ya sa aka fitar da kuɗin aikin shi ne neman raba amfanin na'urori masu tsada.

Tsakanin shata da haya

Domin a gane dabarar, sai mu tuna da wayar tarho ta da. Idan mutum ya buga waya daga Maraɗi zuwa Yamai, ana keɓe masa layi guda daga nan har can, ko yana magana ko ya yi shiru layin nasa ne har ya ajiye kan waya. Wannan shata ke nan: ka ɗauki mota kai kaɗai, ka biya kuɗinta duka ko da rabinta babu kaya.

Baran a Amurka, da wani masani ɗan Birtaniya mai suna Donald Davies, kowa a nasa gefen ba tare da sanin aikin ɗan'uwansa ba, sun kawo wata shawara daban. Suka ce a yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki a rubuta masa inda ya fito, inda za shi, da lambarsa. Davies ne ya raɗa ma waɗannan yankuna sunan da ke nufin ƙunshi. Kamar dai mai hatsi ne ya tashi aika buhu ɗari, sai ya rubuta suna da lamba a kan kowane buhu, ya rarraba su a motocin haya daban-daban. Wata motar ta bi ta nan, wata ta bi ta can, in gada ta karye a wata hanya direba ya kewaya. A can tasha mai karɓa ya jera buhunan bisa lambarsu, in ya ga na 37 bai iso ba sai ya aika a sake turo shi. Da haka layi guda zai ɗauki saƙon mutane da yawa a lokaci ɗaya, kuɗi ya ragu, kuma lalacewar hanya ɗaya ba ta tsayar da tafiya. Har gobe hoton atamfar da ake aikawa ta salula haka yake tafiya.

Haruffa biyu, sai na'ura ta tsaya

An gwada abin ne a daren 29 ga watan Oktoba na 1969. A jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, a sashen farfesa Leonard Kleinrock, wani ɗalibi mai suna Charley Kline ya zauna zai aika saƙo zuwa cibiyar bincike ta Stanford, tafiyar kilomita kusan 560, wato kwatankwacin nisan Yamai zuwa Tawa. Kalmar da zai rubuta ita ce LOGIN, wadda a Ingilishi ke nufin neman shiga. Ya buga L, aka ce masa ta tarho ta iso. Ya buga O, ita ma ta iso. Yana buga G sai na'urar can ta tsaya. Saƙon farko ke nan, haruffa biyu kacal, kafin a gyara a sake gwadawa a wannan daren.

Zuwa watan Disamba na shekarar an haɗa wurare huɗu: waɗancan biyu, da jami'ar Santa Barbara, da jami'ar Utah. Sunan wannan haɗaka ARPANET. A 1973 ta tsallaka teku ta isa Norwe da birnin Landan.

Abin da masu ginin ba su zata ba shi ne abin da mutane za su fi so. A 1971 wani injiniya mai suna Ray Tomlinson ya ƙirƙiro hanyar aika wasiƙa daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shi ne ya zaɓi alamar nan @ domin ta raba sunan mutum da sunan na'urar da yake ciki. Cikin shekara biyu aka ƙiyasta cewa kashi uku cikin huɗu na abin da ke bin layukan wasiƙu ne. An gina hanya domin lissafi, jama'a suka mai da ita wurin gaisuwa da labari.

Tiya ɗaya ga kowa

Ba Amurka kaɗai ke wannan aiki ba. A Faransa, a farkon shekarun 1970, Louis Pouzin ya jagoranci wata haɗaka mai suna Cyclades, Ingila ma tana da tata, kamfanoni kuma kowa yana gina tasa da irin ƙa'idarsa. Sai aka koma gidan jiya: haɗaka da yawa, amma wannan ba ta jin waccan. Kowace mai sayar da hatsi ta san rikicin da ke tashi idan tiyar mai saye da ta mai sayarwa ba ɗaya ba ce.

Mutum biyu, Vint Cerf da Bob Kahn, su ne a 1974 suka wallafa ƙa'idar da ta warware matsalar, bayan sun ɗauki darasi daga aikin Pouzin. Ƙa'idar, wadda daga baya aka sani da TCP/IP, ba ta tilasta ma kowa ya rushe tsarin cikin gidansa ba. Abin da ta ce shi ne, idan ƙunshi zai fita waje, ga yadda za a ɗaure shi, ga yadda za a rubuta adireshi a kansa. Duk wanda ya bi wannan, saƙonsa zai wuce ta layin kowa. A ranar 1 ga watan Janairu na 1983 ARPANET baki ɗaya ta koma kan wannan ƙa'ida, shi ya sa da yawa ke ɗaukar ranar a matsayin ranar haihuwar intanet. Ma'anar sunan ma ke nan: haɗakar da ke tsakanin haɗakoki.

Abin lura a nan shi ne ba a sayar da ƙa'idar ba. An rubuta ta a takardun da kowa zai iya karantawa kyauta, al'adar da ɗalibai suka faro tun 1969 lokacin da Steve Crocker ya rubuta takarda ta farko yana neman ra'ayin abokan aikinsa. Wanda ya ga zai iya, sai ya karanta ya ƙera tasa na'urar ya jona.

Matar da ke riƙe da littafin adireshi

Mata ƴan kasuwa za su so jin cewa shekara da shekaru littafin adireshin wannan haɗaka a hannun mace yake. Sunanta Elizabeth Feinler, kuma daga 1972 zuwa 1989 ita ce ke shugabantar ofishin da ke rajistar sunayen na'urori a cibiyar Stanford. Duk wanda ya kawo sabuwar kwamfuta sai ya tuntuɓi ofishinta, a farko har ta tarho, a rubuta sunanta da lambarta a jeri guda wanda kowa ke kwafa.

Da na'urori suka yi yawa, jeri guda ya kasa. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara hanyar rarraba aikin, ta yadda kowane rukuni ke riƙe da nasa littafin, kamar yadda sarkin kowane layi a kasuwa ya san mutanensa. Daga nan ne aka samu ƙarshen sunaye irin su .com na harkar ciniki, kuma kowace ƙasa ta samu nata haruffa biyu: .ne na Nijar, .ng na Nijeriya, .fr na Faransa. Sunan farko da aka yi ma rajista da .com shi ne na kamfanin Symbolics, a ranar 15 ga watan Maris na 1985.

Hanya daban, kasuwa daban

Mu Hausawa mukan haɗa intanet da yanar gizo mu kira su abu ɗaya, alhali akwai shekara ashirin tsakaninsu. Intanet ita ce hanyar da kaya ke bi. Yanar gizo kuwa kasuwa ce da aka kafa a bakin wannan hanya, mai rumfuna da alluna da lunguna masu kai mutum daga wannan rumfa zuwa waccan.

Kafin 1990 hanyar tana nan, amma sai masana ke iya binta, domin neman takarda guda yana buƙatar sanin sunan na'urar da take ciki da haddace umarni iri-iri. A cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ake kira CERN, kusa da birnin Janeba a kan iyakar Suwis da Faransa, dubban masana daga ƙasashe daban-daban suna zuwa suna tafiya, kowa da irin kwamfutarsa, kuma in mutum ya tafi sau da yawa iliminsa ya tafi da shi. Wani ma'aikacin wurin ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya rubuta ma shugabansa shawara a watan Maris na 1989. Shugaban, Mike Sendall, ya rubuta a saman takardar cewa abin bai fito fili ba amma yana da ban sha'awa, ya bar shi ya ci gaba.

Tare da goyon bayan wani injiniya ɗan Beljiyam, Robert Cailliau, Berners-Lee ya kammala aikin a ƙarshen 1990. Abu uku ya haɗa: kowane shafi ya samu adireshinsa na kansa, aka samu hanya ɗaya ta neman shafi da kawo shi, aka kuma samu hanya ɗaya ta rubuta shafi wadda ke ba da damar a taɓa kalma ta kai mutum wani shafin, ko da yana wata ƙasa. Wannan saƙa ta zare daga shafi zuwa shafi ce ta sa aka kira abin yanar gizo, kuma ita ce ma'anar haruffan www. Rumfar farko tana cikin kwamfutarsa ta ofis, har sai da ya manna mata takarda yana roƙon kada kowa ya kashe ta. A watan Agusta na 1991 ya sanar da duniya.

Kasuwa uku, ɗaya ta ci

A nan ne labarin ya fi shafar ɗan kasuwa, domin yanar gizo ba ita kaɗai ce a fili ba, kuma ba ita ce babba ba.

Faransa ta riga kowa. Tun 1982 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara raba ma jama'a wata ƴar na'ura mai suna Minitel kyauta, wadda ake jona ta da layin tarho. Da ita miliyoyin Faransawa ke neman lambar waya, su sayi tikitin jirgin ƙasa, su duba asusunsu na banki. Sai dai kasuwa ce mai katanga: hukuma ce mai ƙofa, sai da izininta ake buɗe rumfa, ana biya bisa minti, kuma tana cire nata kason. Minitel ba ta yi tasiri a wajen Faransa ba, aka rufe ta a ranar 30 ga watan Yuni na 2012.

Ta biyu ita ce Gopher, wadda jami'ar Minnesota ta Amurka ta fitar a 1991. A lokacin ta fi yanar gizo farin jini nesa ba kusa ba. Amma a watan Fabrairu na 1993 jami'ar ta sanar cewa za ta fara karɓar kuɗi daga kamfanonin da ke amfani da manhajarta. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, amma zukata sun yi sanyi, kowa ya fara tunanin in yau an ce kaza, gobe nawa za a ce?

Wata biyu bayan haka, a ranar 30 ga watan Afrilu na 1993, cibiyar CERN ta sa hannu a takardar da ta sallama yanar gizo ga jama'a baki ɗaya, babu la'ada, babu neman izini. A wannan shekarar ce kuma wasu matasa a jami'ar Illinois, cikinsu har da Marc Andreessen, suka fitar da manhajar Mosaic, wadda ke nuna hoto tare da rubutu kuma kowa ke iya sarrafa ta. Masu rumfuna suka yi ƙaura. A ƙarshen 1993 na'urorin da ke ɗauke da shafuka sun wuce 500, a ƙarshen 1994 sun kai kimanin 10,000. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƴan kasuwa ke guje ma wurin da aka tsananta haraji su koma inda aka sakar musu mara, ya san abin da ya faru. Berners-Lee bai yi rajistar mallakar abin da ya ƙirƙiro ba, kuma da ya yi, da wuya labarin ya kai inda ya kai.

Ranar da aka bar masu ciniki suka shigo

Abin mamaki, shekaru da dama haramun ne a yi talla a wannan hanya, tunda da kuɗin gwamnati aka gina ta domin bincike. A watan Mayu na 1978 wani mai tallar kwamfuta na kamfanin DEC, Gary Thuerk, ya aika ma mutum kusan 400 wasiƙar talla a lokaci guda. Aka yi masa ca, hukuma ta ja kunnen kamfanin. Shi ne kakan duk saƙonnin tallar da ke cika mana salula ba mu nema ba.

An sassauta dokar a farkon shekarun 1990, kuma a ƙarshen watan Afrilu na 1995 gwamnatin Amurka ta janye daga riƙe babban layin, ta bar ma kamfanoni. A watan Yuli na shekarar Amazon ta fara sayar da littattafai. A watan Satumba Pierre Omidyar ya buɗe shafin gwanjo wanda ya zama eBay, kuma daga cikin kayan farko da aka saya akwai wata ƴar fitilar nuni da ta lalace, a kan dalar Amurka 14 da santi 83. Google ta zo a 1998. Masu kuɗi suka yi rububin zuba jari a duk kamfanin da sunansa ya ƙare da .com, ko da bai taɓa cin ribar ko tamma ba, har abin ya fashe daga watan Maris na 2000, dukiya mai yawa ta salwanta. A can ma dokar kasuwa ba ta canza ba: wanda ya sayi suna babu kaya, shi ke kwana da asara.

Yadda ta iso gida

A ƙasarmu wasiƙar kwamfuta ta fara shigowa ne ta hannun masu bincike. Cibiyar Faransa ta ORSTOM ta kafa wata haɗaka mai suna RIO, wadda a farkon shekarun 1990 ta haɗa ofisoshinta na birane irin su Dakar, Wagadugu, Bamako da Yamai. A rabin ƙarshe na shekarun 1990 kamfanin SONITEL ya buɗe intanet ga jama'a, ta layin tarho, a hankali kuma da tsada. Waɗanda suka yi zamanin siber a farkon shekarun 2000 suna tune da yadda ake biyan kuɗin awa guda, rabinta ya ƙare wajen jiran shafi ɗaya ya buɗe. SONITEL ɗin ma a 2016 aka haɗe ta da SahelCom suka zama Niger Telecom.

Ga ɗan kasuwa, salula ce ta fara canza lissafi. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da rezo ke bazuwa gari-gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwannin da suka samu rezo ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili shi ne mai saye ba ya buƙatar hawa mota kafin ya san farashin wani gari. Wancan kira ne kawai na murya. Da intanet ta shigo cikin salula, aka kafa WhatsApp a 2009, aka ƙara masa saƙon murya a 2013, sai ƙofa ta buɗe har ga wadda ba ta taɓa zama a aji ba. Duk da haka da sauran tafiya: hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 5.5 ke amfani da intanet, amma a Afirka kashi 38 cikin ɗari ne kawai.

Abin da mai ciniki zai ɗauka

Darasi na farko shi ne a bambanta hanya da shago. Intanet ba ta da mai ita guda, amma WhatsApp da Facebook da Instagram duk na kamfani ɗaya ne, wanda ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kuɗi kimanin dalar Amurka biliyan 19. Mai kasa kaya a cikinsu ɗan haya ne a shagon wani. A ranar 4 ga watan Oktoba na 2021 ukun duka suka ɗauke na tsawon awa shida, alhali sauran intanet tana aiki lafiya lau. Wanda lambobin abokan cinikinsa da lissafin bashinsa ke cikin manhaja ɗaya kaɗai, ya ga ta kansa a ranar. Littafi da biro ba su tsufa ba tukuna.

Na biyu, hanyar tana da jiki, ba a iska take ba. Mafi yawan saƙonnin da ke tsallaka nahiyoyi suna bi ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, mu kuma da ba mu da teku sai mun ratsa ta ƙasashen maƙwabta kafin mu kai gare su. A ranar 14 ga watan Maris na 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da tamu suka ji a jikinsu. Dabarar Baran da Davies tana aiki ne idan akwai wata hanyar da za a kewaya, saboda haka yawan hanyoyin da ke shigowa ƙasa magana ce da ta shafi aljihun ɗan kasuwa, kamar yadda ya san illar dogaro da tashar jirgin ruwa guda.

Na uku shi ne mafi zafi. Waɗanda suka gina ARPANET malamai ne da ɗalibai da suka san juna, shi ya sa ba su sa mai tambayar katin shaida a ƙofa ba. Tun a watan Nuwamba na 1988 aka ga illar haka, lokacin da wani ɗalibi, Robert Morris, ya saki manhajar da ta yaɗu da kanta ta gurgunta na'urori kimanin 6,000, wato kusan ɗaya cikin goma na duk waɗanda ke haɗe a lokacin. Rashin mai gadi da ya bar talaka ya shiga, shi ne ya bar ɓarawo ma ya shiga. Hoto da suna a salula ba shaida ba ne. Wanda ya aiko saƙo da sunan alhajin da kuka saba ciniki yana neman a tura kuɗi da gaggawa zuwa sabuwar lamba, a kira tsohuwar lambarsa a ji muryarsa tukuna. Lambar sirri da ake aikowa ta saƙo kuwa makullin shago ce, ba a ba kowa ita, ko da ya ce daga kamfanin waya yake. Hoton rasit ma ba kuɗi ba ne, sai an duba asusu an ga sun shiga sannan kaya ya fita.

Iyayenmu fatake da suka yi safarar goro daga Gwanja da gishiri daga Bilma ba su taɓa ba baƙo kaya bashi ba sai da mai masauki ko dillalin da ya tsaya masa. Kasuwar ta faɗaɗa ta kai ƙarshen duniya, amma wannan ƙa'ida tana nan daram, kuma tunda masu ginin ba su sa ta a cikin na'ura ba, ya rage ga kowane mai ciniki ya riƙe ta da kansa. Allah ya ba da kasuwa.